Giɓin da Illo Yake Bari

Raina ƙaramin aiki mugun hali ne, kuma ya yi yawa a Yamai. Mutum ya gina gida ya tara jama'a su yaba fenti, amma wanda ya tare masa ƙasar tsakar gida ko sunansa bai riƙe ba. Abin da ya sa na ɗauko maganar, Illo magini zai koma Tawa. Gwiwoyinsa sun ƙi durƙuso, ga shi aikinsa duk a durƙushe ake yin sa.

Tun muna da baƙin gashi, da an sallame asuba a unguwar Yantala za ka ji kukan burwetinsa, wato baron da yake turawa. A ciki akwai felu na kwasar yashi da cokalin gini da igiya, da wani tsohon guga duk lotsawa. Sana'arsa dasa bordir, wato dogayen tubalan sumuntin nan da ake kafawa a gefen daɓen ƙananan tubalan da ake kira pabe, don kada yashin da ke ƙarƙashi ya gudu. Kafin ya ja igiya sai ya cika gugan ya kwarara a tsakar gidan, ya tsuguna yana kallon inda ruwan ya nufa. A can zai bar giɓi, faɗin tafin hannu, tsakanin bordir biyu. Sannan ya haƙa rami, ya zuba kankare, ya zaunar da kowane tubali ya tokare bayansa. Ko an sallame shi sai ya yi ta dawowa yana ba sumuntin ruwa har ya kama.

Hajiya Tabawa ta Kalley ta shaida mini. Ta ce, "Ranar da ya zo na ce, Illo, wanki ka zo yi ko gini? Ya ce, Hajiya, ruwan nake tambaya hanyarsa. Daɓen nan ya girmi jikata Anisa, ga ta da goyo, ko tubali ɗaya bai motsa ba."

Sai Alhaji Nassirou, mai sayar da atamfa, ya kira shi gidansa na Banifandou. Daɓe yake so a gindin lemon da mahaifiyarsa ta dasa kafin ta rasu, don a nan zai yi walimar dawowarsa daga Makka. Aiki ya kusa ƙarewa Alhaji ya hango giɓin.

"Kai Illo, mene ne wannan kamar bakin tsohuwa?"

"Ƙofar ruwa ce, Alhaji."

"Ruwa baƙona ne da zan yi masa ƙofa? Toshe."

"Ko ba ka gayyace shi ba, da damina zai zo."

"Gidana ne ko naka?"

"Gida naka ne, Alhaji. Hannun ne nawa."

Illo ya tattara kayansa ya tura burwetinsa. Alhaji ya samo wani ya toshe giɓin a yini guda, aka yi walima, kowa ya yaba. Bai tsaya nan ba, ya bi Babbar Kasuwa yana cewa tsohon nan taurin kai gare shi. Mutane suka ɗauka. Aikin Illo ya ja baya a daidai shekarun da ƙarfinsa na ƙarshe yake jikinsa, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Damina ta sauka. Ruwa ya taru bai samu mafita ba, ya kwana a gindin lemo, ya cinye yashin ƙasa, bordir suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Da ya rasa inda zai bi sai ya shige ɗakin ajiyar kaya. Alhaji ya taka har Yantala, ranar kuwa da "Malam Illo" ya yi sallama.

"A taimaka a zo a gyara."

"Alhaji, ko salla a zaune nake yin ta yanzu."

Illo bai ce masa ai na faɗa ba. Gugan ya miƙa masa, ya ce, "Duk wanda zai yi aikin, ya fara da wannan."

Illo, kai ne mai riƙe gefe don tsakiya ta zauna. Kai ne aka taka aikinka shekara da shekaru ba a tuna da kai ba. Mun gode, ko da godiyar ta zo ka riga ka ɗaure kaya. Allah ya ba gwiwoyin nan sauƙi, ya sada ka da Tawa lafiya. Ku kuma samarin da kuka ɗauki cokalin gini, ku zuba ruwa ku duba kafin ku ja igiya, kuma kada a tsawata muku ku toshe abin da kuka san a buɗe ya kamata ya zauna.

Shi kuwa Alhaji Nassirou, ga abin da ya rasa. Daɓen ya wargaje. Atamfofin da ke ƙasa a ɗakin ajiyar sun yi tabon ruwa, ba mai saye. Lemon mahaifiyarsa ya ruɓe daga saiwa, an sare shi. Abin da ya rage masa a tsakar gidan, tsohon guga ne.