Rariyar Kawu

Gyaran injin ban ruwa shi ne sana'ar kawuna tun kafin a haife ni. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a ƙarshen layin masu walda, ƙasa duk baƙin mai, sifanu rataye a jikin ƙusoshi, ga wani benci da aka tallafe ƙafarsa da bulo. Abin da ya fito da shi a layin wata 'yar rariya ce ta ƙarfe da yake ƙerawa. A bakin tiyo ake ɗaura ta, ta hana yashi shiga ya cinye injin. Manoma daga nesa suke zuwa nemanta. Ba ya haɗa ta sai ya turo ƙofa, har matarsa takan yi masa tsiya wai ko ita bai yarda da ita ba.

Wata rana wata malamar jami'a, wadda kowa ke kira Dokta, ta shigo layin. Ta ce sun buɗe shirin haɗa masu sana'a da ɗalibai, a inganta abin da ake ƙerawa a yankin, matasa su samu abin yi. Ta nemi Kawu ya shiga, sau biyu yana ƙi. A na uku ta zauna awa guda tana tambayarsa yadda ya gano girman hudojin rariyar. Ba wanda ya taɓa yi masa irin wannan tambaya. Ya amince.

Wata shida yana zuwa jami'ar duk Asabar. Ɗaliban suka auna rariyar, suka zana ta a kwamfuta, suka yi mata murfin da za a riƙa buɗewa a wanke. Kawu da bakinsa ya ce tasu ta fi tasa. Da aka karanta masa takardar da ta ce za a raba zanen ga duk wanda ke cikin shirin, ya sa hannu yana dariya.

Kafin shekara ta zagayo, shaguna takwas a layin suna yin rariyar. Ɗalibai biyu suka buɗe wurin aiki da injin yankan ƙarfe, suna fitar da hamsin a yini, shi kuwa biyu yake iyawa. Layin ya cika da masu saye, amma ba kasafai suke ƙarasawa ƙarshensa ba. Kawu ya daina gaisawa da maƙwabta, ya rage cin abinci. Da matarsa ta kira ni, na same shi zaune yana goge sifanar da ba ta da datti. Na ce ko mu je mu kai ƙorafi.

"Ƙorafin me, 'yata?" in ji shi. "Ba sata suka yi ba, ni na miƙa. Manoma ma sun huta, na sani. Ni dai ban san me zan yi da sauran kwanana ba."

Dokta ta zo da kanta. Ba ta yi wata kwana-kwana ba, ta ce sun yi tunanin yankin gaba ɗaya, ba su yi tunaninsa ba, kuma laifinta ne. Ta roƙe shi ya dawo ya riƙa koyar da sababbin ɗalibai, da albashinsa. Ya ce shi bai iya tsayawa gaban allo ba, amma zai yi shawara.

Wata uku ke nan. Ta sake aiko da saƙo sau biyu, bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Makon jiya ya sayar da babban injin waldarsa, wai ya cika masa ɗaki.