Barkar da na kai Masanawa

Har gobe ban manta da safiyar da Saude ta kira ni a waya tana magana ƙasa-ƙasa ba. A lokacin ina ungozoma a wani ƙaramin asibiti a wajen Sabon Birni, ni ke kula da masu awon ciki.

Saude yarinya ce mai sanyin hali, cikinta na fari. Da muka gwada jininta sai aka samu cuta biyu a tare: ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B. Ta yi kuka, ni ma na taya ta, don ni hawayena a kusa yake. Mijinta ya sani, shi ma yana karɓar magani, amma iyayenta ba su sani ba, kuma ta roƙe ni kada su ji. Na ɗora ta a kan ƙwayar da ke danne cututtukan biyu, na ja mata kunne kada ta kuskura ta daina sha, don hantar tana iya tashi. Na kuma gaya mata lallai a yi wa jariri rigakafin hanta cikin kwana ɗaya da haihuwa, a kuma fara ba shi maganin ruwa na kariya daga ƙanjamau, wanda na ba ta, tun ranar haihuwar.

To, da ciki ya tsufa sai aka mayar da ita gidan iyayenta a Masanawa goyon ciki, kamar yadda aka saba a haihuwar fari. A can ta haihu, a ɗaki. "Anti, namiji ne," in ji ta a wayar da ta yi mini safiyar nan. "Inna ta ce ba mai fita da shi sai an yi suna."

Na samu shugabanmu, Malam Isiyaku, don ba a fitar da allura daga firji sai da izininsa. Ya ce, "Masanawa ai ƙasar Kabo ce, ba yankinmu ba." Na ƙi tafiya. Ya yi dariya ya ce, "To, ki je barka. Ba wanda ya hana mai barka riƙe akwatin ƙanƙara."

Na hau acaɓa na je. Ɗakin cike da mata, Saude ta juya wa jaririn baya tana kallon bango, don a gidansu uwa ba ta nuna ta damu da ɗan fari a gaban manya. Muka gaisa da mahaifiyarta, Inna Dije, har da tambayar shanu da damina, sannan na kawo maganar allura.

"Malama, ɗanyen jinjiri za ki soka wa ƙarfe? A bari ya yi ƙwari mana. Me ake ci na sauri?"

Amsar tana bakina, amma ba ni da ikon faɗinta. Na kewaya, na lallaba, Inna ta ce sam.

Sai Saude ta juyo. Ta miƙa hannu ta karɓe jaririn daga cinyar gwaggonta, ta buɗe masa ƙafa, ta ce, "Inna, ɗana ne. A yi masa yau."

Ɗaki ya ɗauki salati. Wata ta ce, "Oh ni, 'ya'yan zamani! Ba kunya ba kara?"

Inna Dije ta dubi 'yarta. Sannan ta ce matan su ɗan ba mu wuri. Da suka fita ta ce, "Yarinyar nan ba ta taɓa ɗaga ido ta kalle ni ba. Abin da ya sa ta yin haka ba ƙarami ba ne. Ba zan tambaya ba. Yi aikinki, Malama."

Na yi masa allurar, Saude ta ɗiga masa maganin ruwan. Gwaje-gwajen da aka yi masa daga baya duk sun nuna bai ɗauki ko ɗaya ba, alhamdulillahi.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kada ku ɗauki tsofaffin gida a matsayin abokan gaba. Ba dole sai sun san sunan cuta za su tsaya wa nasu ba. Saude ta gaya mini har ta gama wankan jego, kullum Inna ce ke kawo mata ruwa a kofi ta ce, "Tashi ki sha abin naki," sannan ta tsaya a bakin ƙofa kada wani ya shigo.