Mun Je Kano Kallon Ɗakin Iya

Suleja zuwa Kaduna

Ana kiran assalatu maigidana ya sauke ni a tashar Suleja yana ta mita, wai tun da yake bai taɓa jin wanda ya ɗaura tafiya mai nisa haka saboda fim ɗin barkwanci ba. Na ce to yau ya ji. Gaskiya ni ma ba barkwancin ne ya fitar da ni ba. Fim ɗin kashi na biyu ne, kuma a tsohon gidanmu na Kusfa, cikin birnin Zariya, aka ɗauke shi, ana gab da yayana zai rushe gidan.

Lokacin da abin ya faru, mahaifiyarmu, wadda muke kira Iya, tana wurina tana yi mini zaman jego. Ta koma gida ta tarar da fili da tarin bulo a inda ta yi zaman aurenta kaf. Ko sauka daga mota ba ta yi ba, ta ce a wuce da ita Gyallesu wurin ƙanwarta, Inna Asabe. Tana can har aka gama sabon gini, har shekara ta zagayo, ba ta taka Kusfa ba. Yaya ya yi bayani ya gaji, ya turo dattawa, ta ce ta ji. Da na ji an fara nuna fim ɗin a wata silima a Kano, sai na ƙudura zan kai ta ta ga ɗakinta ko da sau ɗaya ne, ta yi ban kwana da shi, ko zuciyarta ta sauko.

Motarmu ƙaramar bas ce, na samu kujerar bayan direba. Ba mu kai Jere ba aka fara gardamar fim, don wani saurayi ya kunna tallan fim ɗin a waya. Jarumin ɗan wasan barkwancin nan ne da mu a gida muke kira Mai Tumbi. Direba ya ce shi ya daina kallon kashi na biyu na kowane fim, duk ɗumame ne. Wata mata mai buhun citta ta ce ai ɗumame ya fi tuwon daɗi idan an samu mai iya miya. Saurayin kuma ya ce Mai Tumbi ya tsufa, yanzu ihu kawai yake yi, yaran da ke wasa a waya sun fi shi ban dariya. Na taso da wasan mutumin nan, kuma ba na son a taɓa shi, ko da yake na san akwai gaskiya a maganar yaron.

Mun wuce shingayen jami'an tsaro da dama ba tare da wata matsala ba. A na kusa da Kateri ne wani soja ya leƙo, ya ji muryar Mai Tumbi na tashi daga waya, ya yi dariya ya ɗaga mana hannu. Direba ya ce yau ɗumame ya yi rana.

Kaduna zuwa Zariya

Da hantsi muka sauka a Kawo. Na ci waina da miyar taushe a bakin tasha, mai wainar ta yi rowar miya kamar daga jikinta ake tatsa. Na shiga ƙaramar mota, muka bi ta Jaji, damina ta yi kyau, masara ta fi tsayin mutum hagu da dama. Kafin azahar na hango Ƙofar Doka, na san na iso gida.

Kusfa na fara zuwa. Sabon gidan Yaya ba shi da laifi, fenti ne da tayil da ƙofar ƙarfe, sai dai na tsaya a bakin ƙofar ina neman zauren Baba, babu shi. A zauren nan Baba, Allah ya jiƙansa, ya kafa dokar cewa ko sunan silima kada a ambata a gidansa. Yaya kuwa da ya samu sarari sai ya sulale Tudun Wada ya kallo, washegari ya zo ɗakin Iya ya yi mana fim ɗin daga farko har ƙarshe, shi ne jarumi, shi ne mugu, shi ne doki. Mu ƙanana muna kwance a tabarma muna kallon rufin ɗakin, mai baka huɗu na ginin ƙasa da suka lanƙwaso suka haɗu a tsakiya, da wata koriyar tasa da aka liƙa a mahaɗar tun ranar da aka kawo Iya amarya.

Yaya ne ɗan farinta, don haka ba ta faɗin sunansa, kuma ba ta yi masa magana kai tsaye. Magaji take ce masa, kuma ta bakina take aika masa saƙo ko da yana zaune a gabanta. Tana ɓarar gyaɗa kamar ba ta sauraro, can sai ta ce, “Ke Bilki, tambayi Magaji, yarinyar ta tsira kuwa?” Haka suka yi ta hira tsawon rayuwarsu, ni ce wayar da ke tsakani. Tun ranar da ta ga filin nan saƙon ya yanke. In ma ya zama dole ta ambace shi, mai rusau take cewa.

Na tarar da Yaya ya rame. Na gaya masa shirina, ya ce shi bai kalli fim ɗin ba kuma ba ya so, amma zai tuƙa mu idan ta yarda ta shiga motarsa. Ya kai ni ya nuna mini ɗakin da ya keɓe mata, an shimfiɗa gado, an sa labule, ba a taɓa kwana a ciki ba.

Kwanan Gyallesu

Inna Asabe ta tarbe ni da dambun shinkafa da zogale, na ci har na rasa inda zan sa kaina. Bayan la'asar na kawo wa Iya maganar. Ta dube ni sheƙeƙe ta ce ita da tsufanta, da carbinta, a gan ta a gidan silima? Na ce ba fim za ta kalla ba, ɗakinta za ta gani. Na taɓa nuna mata tallan a waya, idonta bai iya tsintar komai a ɗan gilashin ba. Na ce a can bangon ɗakin zai fito da girmansa, har ya fi. Sai ta tambayi wa zai kai mu. Na faɗa. Ta ce mota dai ba ta yi mata laifi ba.

Zariya zuwa Kano

Washegari da rana ta ɗan ɗaga muka tashi. Yaya ya durƙusa ya gaishe ta, ta ce lafiya, ta shige baya. Na yi ta jawo hira ni kaɗai kamar rediyo. Na ce an ce kashi na farko ya fi, wanda Mai Tumbi yake ɓuya a cikin rumbu don kada baƙinsa na ƙauye su gan shi. Yaya ya ce ai wasan da shi ne wasa, mutum ya ɗaga gira kawai ka faɗi ƙasa, ba na yanzu ba da sai an yi ta zage-zage. Iya tana kallon taga tana jan carbi.

A Kwanar Dangora muka tsaya, na sayi dafaffiyar gyaɗa da rake. Yaya ya zaɓo mata ayaba mai laushi ya miƙo ta hannuna. Ta karɓa ta ajiye a gefe, ba ta ci ba. Na ga ya gani a madubi, na ji wani iri.

Muka wuce Kura da gonakin shinkafarta, muka shiga cunkoson Kano, muka yi azahar a wani masallaci kafin mu isa.

Cikin silima

Silimar a cikin wani katafaren kanti take. Ba irin ta zamanin Yaya ba ce mai benci da sararin sama. Nan kujeru ne masu laushi da sanyin da ya sa Iya ta ƙara naɗe mayafi tana cewa waɗannan mutane ba su da ƙashi a jiki. Yara masu gugguru suna ta kallon tsohuwa da carbi. Ta zauna a damana, Yaya a haguna.

Labarin fim ɗin ba wani abu ba ne. Mai Tumbi ya gaji tsohon gida, yana neman ya sayar, yana ɓoye wa masu saye aibinsa. In faɗi gaskiya rabin farko bai ba ni dariya ba, saurayin cikin bas bai yi ƙarya ba. Amma da zaurenmu ya fito a allo, sai Iya ta kama hannuna. Ta fara magana a fili kamar tana tsakar gidanta. Ga dakalin Malam. Ga randar da ba a taɓa ɗaga ta ba. Wa ya ce su ɗaure akuya a gindin lemona? Wani daga baya ya ce a yi shiru, ta ce gidanta ne. Da aka shiga ɗakinta kuwa, Mai Tumbi ya tsaya a bakin ƙofa yana zuba, ta ce, “Wannan bawan Allah ya gusa mana, ya tare ko'ina.” Na yi dariya hawaye na zuba.

Sai aka ɗaga kyamara sama. Ga baka huɗun nan, ga koriyar tasa. Ga kuma tsagar da ke gefenta. Mun san da ita tun muna yara, Iya takan ce ta girmi Magaji kuma ba ta taɓa cin kowa ba. Amma a allon nan ta yi faɗin da hannu zai shige, ta gangaro har bango, azara ta leƙo baƙa ƙirin, ta ruɓe. Mai Tumbi ya tsaya daidai inda gadon Iya yake a da, yana rantsuwa ga mai saye cewa gidan nan zai kai jikokin jikokinsa. Bai rufe baki ba wani ƙaton gini ya ɓallo daga sama, ya goge kafaɗarsa ya tarwatse a ƙasa. Ya kwasa a guje, hula a wani wuri, takalmi a wani wuri. Silima ta kaure da dariya har da masu tafi. Na ji na bayanmu yana cewa wannan wurin kaɗai ya biya shi, kamar gaske.

Yaya bai yi dariya ba. Ya sunkuyo ya ce mini a hankali, “Ba wasa ba ne wannan. Ina tsaye a wurin. Ban san sun bar shi a ciki ba.”

Iya ta ji. Ya sha gaya mata ta bakin dattawa cewa rufin ya fara zubowa, ta ɗauka hujjar mai son siminti ce. Yanzu ga shi ta gani da idonta, daidai inda take sa kanta. Ta saki hannuna. Ba zan iya gaya muku yadda fim ɗin ya ƙare ba, don ni ita nake kallo.

Komowa

Muka yi la'asar muka kamo hanya. Na yi ta zargin kaina, na ce na ɗauko tsohuwa na kai ta inda ɗaruruwan mutane suka yi wa ɗakinta dariya. Wajen Tashar Yari na ji motsin leda, na waiga, na ga tana ɓare ayabar nan ta safe.

Rana ta yi ja muka shigo Zariya. Da muka kusa inda hanya ke rabuwa, Yaya ya kunna sigina zai nufi Gyallesu. Sai Iya ta gyara murya.

“Ke Bilki.”

“Na'am, Iya.”

“Gaya wa Magaji ya shiga gari.”

Yana jin ta sarai, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba. Amma na juya na faɗa masa kamar yadda na saba tun ina yarinya. Ya ce to. Ya kashe siginar, ya goge fuska da hannun riga, muka shiga ta Ƙofar Doka ana shirin kiran magariba.

A ƙofar gida ta tsaya ta yi bismilla, ta taka. Matar Yaya ta rasa me za ta yi, ta yi ta shimfiɗa tabarma a kan tabarma. Iya ta shiga ɗakin da aka keɓe mata, abin da ta fara yi shi ne ɗaga kai sama. Silin ne fari fes, ba baka, ba tsaga. Ta ce in tambayi Magaji ina tasarta. Ya fita ya dawo da ita naɗe a tsumma, gefenta ɗaya ya lotsa. Ashe da hannunsa ya ciro ta kafin a sa diga. Ta juya ta, ta goge da bakin mayafi, ta ajiye a kan gado kusa da matashi.

Kwana biyu na ƙara a Kusfa, sannan na biyo hanyar da na zo, na isa Suleja lafiya, alhamdu lillahi. Ina godiya ga Inna Asabe da ta riƙe mana Iya ba ta taɓa ƙorafi ba, da Mai Tumbi da ya ba da kafaɗarsa bai san wa ya yi wa aiki ba. Masu tambayata ko fim ɗin ya cancanci kallo, ni ba zan iya yanke hukunci ba. Na dai tambayi Iya da zan taho. Ta ce mutumin ya cika surutu, kuma kashi na farko da Magaji ya taɓa ba ta labari ya fi. Sannan ta ce in gaya masa, in an yi na uku, ya je ya kallo ya zo ya yi mata a ɗaki.