Maganin Ɓeraye da Muka Kai wa Baba Deule

Mun tashi da asuba daga Madawa, ni da wana, a bayan wata tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya, mai ɗauke da buhunan albasa. Deule muka nufa, inda Baba yake kwance da gyambon ciki. Tun kaka ake lallashinsa ya je asibitin garin Buza, ya ƙi. Ranar da aka aiko cewa ya fara aman jini, barci ya gagare ni.

A cikin aljihun wana akwai abin da ya zo da shi daga cin rani a Abijan, ƙulle a leda uku. Wata halittar ruwa ce busasshiya, wai kokwambar teku. Wani kukun jirgin ruwa ne ya ba shi, ya ce likitocin ƙasarsu sun gwada ruwanta a kan ɓeraye masu gyambon ciki, suka warke. Ni dai da na gan ta, baƙa, ta takure kamar kuɓewar da ta kwana a toka, na ce mu tafi da ita haka nan. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Hanya duk duwatsu ce da kwazazzabai. Sau biyu muna sauka mu tura, direba kuma yana ta yi wa motar kirari kamar ita ke tura mu. A wata rugar makiyaya muka sha fura da nono mai tsami har kunne, wana yana dafe da aljihu.

Da la'asar muka isa. Baba ya rame har na kau da kai don kada ya ga hawayena. Wana ya kwance ledar, ya kwashe labarin duka ya faɗa, har da ɓerayen. Ina ta taka masa ƙafa, bai gane ba.

Baba ya daɗe yana kallon abin. Mutum ne da ya shekara hamsin yana yaƙi da ɓera a rumbunsa.

"Wa kac ce an ba abin ga ya warke?"

"Ɓeraye, Baba."

"To ni kusu na? Ku ɗauke shi gabana. In dai sai na sha magani, gara na mutane. Gobe ku kai ni Buza."

Inna ta juya tana dariya tana share ido da gefen zane.

Da safe muka ɗora shi a amalanke. Likitan Buza ya yi mana faɗan jinkiri, ya kwantar da shi, ya hana shi barkono da goro. Da wana ya nuna masa kokwambar, ya ce abin da aka gwada wa dabba sai an daɗe kafin a san ko zai yi wa mutum. Kwana tara muka yi, jinin ya tsaya, Baba ya sha kunu cikin ƙwarya har ya nemi ƙari.

Na dawo Madawa a bayan kamiyon nan ina warin albasa, zuciyata wasai. Na gane cewa wani lokaci abin da lallashi ya kasa, zuciya ke yi. Kokwambar tana nan rataye a ɗakin Inna, ko ɓerayen gidan ba su taɓa ta ba.