Baturen Shagon Shayin Abu Hail

Kullum da la'asar yana nan a shagon shayin unguwar Abu Hail. Tsohon Bature ne, rana ta gasa masa wuya, zoben aure na masa yawa a yatsa. Yana jujjuya kofi a kan tebur, idonsa na kan ƙofa. Wayarsa ba ta taɓa ƙara ba. Ina jin matarsa ta rasu.

Yau mu 'yan kargo masu lodin kaya muka shigo, sai ya jawo mana kujeru, ya sa a kawo wa kowa shayi. Yana gaya mana a garinsu, Edinburgh, akwai tsohuwar mashaya mai benci na katako inda mahaifinsa ya zauna, shi ma ya zauna. A can in ka saya wa abokan zama abin sha, na kusa da kai ne zai sayi na gaba. Haka ake zagayawa, ba mai saurin tashi.

Halliru, babbanmu, ya ce da Hausa, "Sadaka yake yi, bawan Allah. Yalla, mu tafi, kwantena na jira."

Muka yi godiya, kowa ya fita da kofinsa.

Daga bakin titi na waiwaya. Yana mayar da kujerun inda ya ɗauko su.