Ba Gajeriyar Rashin Lafiya Ba Ce, Auta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Rajab, muka rasa Auta, wadda kekenta ke kusa da nawa a shagon ɗinki. Sanarwar gidanku ta ce kin rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Ni ba mai ɗaga murya ba ce, ƙanwata, amma an koya mini tsoron shaidar zur tun ina riƙe da allo. Ba zan maimaita maganar sanarwar nan ba. Ke kika kashe kanki, bayan an yi miki fyaɗe an kuma ce ki yi shiru.

Ke ce mai zura mini zare a allura tun da idona ya raunana. Kina yi kina tsokanata: "Yaya, idon nan fa ya yi ritaya bai sanar da ke ba." Ƙyallayen da muke zubarwa ke kike tsincewa, ki haɗa wa marayun layinku riguna, ki ce wai gwajin hannu kike yi.

Mai gyaran kekunanmu ne ya tare ki a ɗakin ajiyar yadi. Da kika faɗa mini, na raka ki wurin kawunku. Ya saurara, ya ce: "A bar kaza cikin gashinta." Mai shago kuwa ta ce: "To, wa zai riƙa gyara mana kekuna?" Haka mutumin ya ci gaba da shigowa da jakar kayan aikinsa, ke kuma ki ja kujerarki ki ba shi wuri ya durƙusa. Daga baya ko kekenki ya tsaya ba kya faɗa, sai ki koma ɗinkin hannu har yatsunki su kumbura. Aka ce kin cika haƙuri.

Kin ce kin gaji da rayuwa, aka ce ki yi istigfari. Na roƙa a kai ki asibiti, kawunku ya ce za a kira ki mahaukaciya, sunan gida ya ɓaci. To, ga sunan gida nan lafiya lau. Har mutumin ya zo gaisuwa aka shimfiɗa masa tabarma!

Jiya ya leƙo shago. Na ce masa ƙafarsa ba za ta sake taka wurin nan ba muddin ina numfashi, kuma duk hukumar da ta tambaye ni zan faɗi abin da na sani.

Masu cewa an rufe miki ƙofar rahama, makullin ba a hannunsu yake ba. Allah Ya ga abin da aka ɗora miki. Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki, Ya saka miki. Inna, mahaifiyar Auta, Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya ba 'yan'uwa dangana. Mu kuma, idan wata ta ce mana ta gaji, Allah Ya hana mu ce mata ta yi shiru.