Fatar da Na Ba Malam Isyaku

Shekara goma sha ɗaya Malam Isyaku ya yi yana gadi a kamfaninmu na jimar fata a Challawa. Tsohon soja ne, mutumin Ringim, ga iyali bakwai a ɗaki biyu a Ɗorayi. Bindigar kamfani mai baki biyu a hannunsa take, kuma ban taɓa jin ya harba ta ba. Kowace Juma'a da hantsi yakan zauna a benci ya shafe ta da man keken ɗinki da farin tsumma. Har tsiya muke masa, wai ko Hajjo matarsa ba ta samun wannan gatan.

Da daminar 1984 mahaifiyarsa ta rasu. Zai tafi gida, ya ce in samo masa abin da zai naɗe bindigar ya ajiye ta saboda danshi. Ni kuwa da shegen karambani na zaro fatar akuya daga sito na ba shi. Shekarata shida ina zuba wa fata gishiri, amma ban tuna abin da gishiri ke yi wa ƙarfe ba.

Ya dawo bayan mako uku, ran Litinin. Da ya warware fatar sai ga tsatsa ja ta bi bindigar. Ran Laraba kuma za a kai ta wurin 'yan sanda a Bompai don sabunta lasisi, ga shi a watan nan kaɗai an sallami mutum arba'in.

"Na shiga uku, Labaran," ya ce da ni. "In aka kore ni, ina zan kai yaran nan?"

Ya jiƙa ta da kananzir, ya bi da mai, yana murzawa a hankali har yatsunsa suka yi kanta. Yawanci ya fita, saura wani tabo a kan lambar bindigar. Ran Talata ko abincin rana bai ci ba. Tausayi ya kama ni, na sake yin wauta ta biyu: na kawo masa samfefa, takardar nan mai kaushi ta goge katako, daga wurin kafintoci.

"A soja ba a yin haka," in ji shi.

Ya ajiye ta gefe. Bayan la'asar na gan shi ya ɗauka yana goga lambar da ita. Tabon ya fita tas, haka ma lambobi biyu na ƙarshe.

A Bompai sajan ya juya bindigar ya ce, "Baba, ina ruwanmu da tsatsa? Lamba muke dubawa." Suka riƙe ta.

Manaja ya tara mu a bakin sito, fatar na hannunsa. Dokar kamfani ce, wanda ya fitar da fata daga sito ya bar aiki.

"Wa ya ba ka wannan?" ya tambayi Malam Isyaku.

Ina tsaye kusa da shi, lokacin matata Atika na da ciki wata takwas. Na sunkuyar da kai ƙasa. Malam Isyaku bai ko dubi inda nake ba.

"Ni na ɗauka da kaina, ranka ya daɗe."

Aka sallame shi. Daga baya ya koma facin taya a bakin titin Na'ibawa. Na ƙara shekara tara a kamfanin, kuma duk ranar da na bi ta wurinsa a keke, shi yake fara gaishe ni, ya tambayi Atika da yara.